Mai walda ya ce zai mayar mini da keken maza na mata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar firamare ce a Yelwan Tudu, Bauchi. Kuɗin acaba ya ishe ni, ina so in koma hawa keke. Tsawona santimita 152, kuma idan na hau keken yayana ƙirar Phoenix ƙafata da ƙyar take kai feda. Wani mai walda ya ce zai yanke sandar sama ya zama na mata. In yarda, ko in nemi wanda zai ƙera mini sabo?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki bari ya yanke. Sandar nan ita ke riƙe da wuyan keke da gindin sirdi. Ƙanwata ta taɓa ba wani ya yi mata haka, ba a yi wata uku ba firam ɗin ya tsage a hanyar Dass, Allah ya kiyaye ba gudu take ba. Keken mata na gaskiya tun farko ake ƙera shi da bututu biyu da suka sauko ƙasa, ko ɗaya mai kauri, don ya ɗauki nauyin da sandar sama ke ɗauka.

Kuma ko an yanke, keken bai rage girma ba. Phoenix da Raleigh irin na iyayenmu tayarsu inci 28 ce, an yi su ne don dogon namiji. Ke inci 26 ya fi miki, ko ma 24.

Mai ƙera keke tela ne. Wanda ya fara yi miki maganar kuɗi da launin fenti bai ce a auna ki ba, ki yi masa sallama. Awon farko daga ƙasa ne zuwa matsematsi, ba takalmi, kuma wannan a gida 'yar'uwarki za ta yi miki da tef ɗin ɗinki, ki kai masa a rubuce. A ninka shi da 0.883, shi ne tazarar sirdi daga tsakiyar inda hannun feda ke juyawa: mai santimita 70 za ta samu kusan 62. Sai tsawon hannu da faɗin kafaɗa, domin idan kan keke ya yi miki nisa, wuya da baya ne za su biya. Hannun fedan da aka saba milimita 170 ne. Ki nemi 165 ko ƙasa da haka.

Ba ke kaɗai ba ce, a Amurka ma sai da wata injiniya, Georgena Terry, ta kafa kamfaninta na kekunan mata a 1985 saboda wannan matsalar. A ƙananan kekunanta ta riƙa sa tayar gaba inci 24, don kada yatsun ƙafa su riƙa bugun taya wajen shan kwana.

Ki tambaye shi da wane ƙarfe zai yi. Idan ya nuna miki bututun ruwa ko na ƙofa, nauyi zai kashe ki a hawan tudu. Bututun keke siriri ne, shi ya sa waldar lantarki irin ta masu ƙera ƙofofin ƙarfe take huda shi. Waldar gas da tagulla ta fi masa. Ki ce ya nuna miki keken da ya ƙera wanda ya shekara a hanya, ki duba mahaɗan ko akwai tsaga. Ki sa a tura shi ki tsaya a baya: tayar gaba da ta baya su bi layi ɗaya.

Ni dai da 'yar cikina ce, sai in fara zagaya kasuwannin Wunti da Muda Lawal in nemi ƙaramin firam na mata cikin na gwanjo, in kai wa mai gyara ya sauya sirdi mai faɗi da gajeren hannun feda. Ya fi sauƙi. Ko wanne kika zaɓa, a sa murfin sarƙa da raga a tayar baya, don hijabi da zane ba sa shiri da sifok, wato wayoyin cikin taya. Ranar gwaji kuma ki je da kayan da kike zuwa makaranta da su, har da jakar littattafan a kan kariyar ɗora kaya ta bayan keke.