Abin da na gani a wata biyun farko da kwamfutar girke

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka daɗe kana aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka, yanzu kana son sayen ta girke don shagonka na buga takardu, kana neman waɗanda suka saya su faɗi yadda suka same ta. Sana'armu ɗaya, kuma tawa wata biyu ke nan a shago, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

A Beirut Road na saye ta a nan Kano, sabuwa a kwali: inji (processor) Core i5 ƙarni na 12, RAM 16GB, ma'ajiyar fayil ta SSD 512GB, da allo mai inci 24. Abin da ya fara burge ni shi ne tashinta. Tsohuwar kwamfutata sai in kunna ta, in share shago, in dawo tana nan tana haɗa kanta. Wannan kafin in gyara zama ta buɗe. Sirrin yana ga SSD, domin babu faifai mai juyawa a ciki kamar na tsohuwar ma'ajiyar hard disk. In kuɗinka bai kai komai ba, kar ka rage a nan. Faɗin allon ma ya sauya min aiki, ina ajiye shafi biyu gefe da gefe, ciwon wuyan da nake tashi da shi kullum da yamma ya yi sauƙi sosai.

Amma ga inda nake so ka tsaya da kyau. A rana ta uku ina tsakiyar haɗa katin ɗaurin aure a CorelDraw, mai aikin yana zaune a gefena yana jira, aka ɗauke wuta. Nan take allo ya yi baƙi. Na saba da tafi-da-gidanka mai batir, har na manta cewa ta girke ba ta da ko na daƙiƙa ɗaya. Da muka tayar da janareta, gyare-gyaren ƙarshe da na yi duk sun tafi, sai da na sake su a gaban mutumin. Wallahi abin ya dame ni, don amanar aikin mutane ce a hannunmu. Kuma asarar aiki ba ita kaɗai ba ce, yawan mutuwar bazata yana lalata fayil, wani lokaci Windows ɗin kanta ta ƙi tashi.

Washegari na sayo UPS, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mai 650VA. Mintuna kaɗan yake riƙewa, amma sun isa ka adana aikinka ka kashe ta yadda ya kamata, ko ka juya layi zuwa janareta. Ka lissafa kuɗinsa cikin kuɗin kwamfutar tun daga farko, ka dawo da su gida rana ɗaya. Kwamfutar da allon kawai za ka jona masa. Kar ka haɗa firinta mai leza, wutar da take ja lokacin ɗumama ta fi ƙarfinsa. In unguwarku wuta na zuwa da rauni ko tana hauhawa, ka ƙara da sitabilaiza.

Akwai ƙananan abubuwan da ba wanda ya gaya min. Tawa ba ta zo da Wi-Fi ba, babu lasifika, babu kyamara. Kwana biyun farko da igiyar USB nake jona mata intanet daga waya, kafin in sayo ɗan makalen Wi-Fi. Ka kuma duba bakin da allo zai shiga tun a shagon, wasu kwamfutocin DisplayPort gare su, allonka kuma HDMI ko VGA. Tun da muna buga Hausa, ka shiga saitin harshe ka ƙara madannin Hausa, yana cikin Windows, ka huta da neman ƙ da ɗ da ɓ.

In kuma tokumbo za ka saya, ka tambayi ƙarnin injin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, in injin Intel ne kuma ƙarni na 8 zuwa sama. Sannan ka leƙa bayan akwatin, wasu tsofaffin da aka kawo daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Ka tabbata yana kan 230 kafin ka jona, in ba haka ba wutarmu za ta ƙone shi.

Tawa a kan tebur na ɗora ta, ba a ƙasa ba, saboda ƙura, kuma ina rufe ta da ƙyalle in zan tashi. Kafin hunturu ya shigo zan buɗe gefen akwatin in hure fankokin. Allah ya sa albarka a shagon, ya ba ka mai inganci.