Tambaya da Amsa: Ina zan bi da keke in ga karkarar Faransa da wuraren tarihinta?

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Damagaram, ina karatu a Paris. Shekarata biyu ke nan ban taɓa leƙa wajen birnin ba. Ina da hutun mako guda, ni da wani abokina muna so mu zaga karkara a kan keke, mu ga wuraren tarihi. Mu ba 'yan tsere ba ne, rabona da doguwar tafiya a keke tun ina makarantar sakandare. Wace hanya ta dace da mu? Kuma yaya za mu yi da abinci da salla?

Amsa: Ɗan'uwa, ku nufi kwarin kogin Loire. Faransa na da hanyoyin keke masu yawa, kuma na san wasu za su ce muku ku sauka kudu ku bi Canal du Midi, wannan magudanar ruwa mai tsawon kilomita 240 da aka buɗe a 1681. Tana da kyau, amma a wurare da dama hanyar gefenta ƙasa ce mai saiwoyin itatuwa, tana jijjiga wanda bai saba ba. Loire ta fi dacewa da wanda ya daɗe bai hau keke ba.

Hanyar sunanta La Loire à Vélo. Tsawonta kusan kilomita 900 ne, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins, inda kogin ya faɗa tekun Atlantika. Kada adadin ya firgita ku, ba duka za ku yi ba, kuma ma ba na son ku gwada. Abin da ya sa ta yi sauƙi shi ne mafi yawanta shimfiɗe take, sau da yawa a kan bangon ƙasa da mutanen yankin suka yi ɗaruruwan shekaru suna ginawa don tare ambaliya. Akwai alamun hanya a kowace mararraba, wani sashen babu mota ko ɗaya, wani kuma ƙananan titunan ƙauye ne da ba kasafai mota ke bi ba. Layin dogo na tafiya kusa da kogin, saboda haka ranar da ƙafa ta gaza ko ruwan sama ya tsuge, sai ku tura kekunanku cikin jirgin ƙasa na yanki, wanda ake kira TER.

A mako guda, ku ɗauki tsakanin Blois da Saumur kawai. Daga tashar Austerlitz a Paris jirgi zai kai ku Blois, a can ku yi hayar keke. Ku nemi mai kariya da jakunkuna biyu na gefe, kada ku goya jaka a baya, kafin azahar kafaɗa za ta gaya muku. Kilomita 40 zuwa 50 a rana sun isa. Iskar yankin galibi daga yamma take busowa, wato za ta riƙa dukan fuskarku, don haka ku yi sammako tun ba ta yi ƙarfi ba.

Kuskuren da na fi ganin baƙi na yi shi ne tara fadoji kamar masu ƙidaya. Fadojin sarakuna da na attajirai a kwarin nan sun fi a zaga su a wata guda, kowace kuma sai an biya kuɗin shiga. Wanda ya shiga uku a rana ɗaya, da yamma ba zai iya bambance ta farko da ta uku ba. Ɗaya a rana, ku zauna da ita.

Ranar farko ku bar kayanku a Blois ku je fadar Chambord ku dawo, kusan kilomita 20 ne kowane zuwa. Sarki François na Ɗaya ya fara gina ta a 1519, ɗakunanta sun haura 400, kuma an kewaye dajinta da katanga mai tsawon kilomita 32. A tsakiyarta akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna, mai hawa da mai sauka na hango juna amma ba sa haɗuwa. Ku gwada kai da abokinka. Shi sarkin da ya kashe dukiya a kanta bai zauna cikinta ba sai 'yan makonni a duk rayuwarsa. Isa gare ta a kan keke ta cikin daji, hasumiyoyinta na fitowa sannu a hankali daga bayan itatuwa, ya fi duk abin da za a gani a ciki.

Inda nake so ku daɗe shi ne Amboise, tafiyar yini guda daga Blois. Ku kwana biyu a nan. Kowa zai nuna muku gidan Clos Lucé, inda Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, ya zauna tun daga 1516 bisa gayyatar sarki har ya rasu a 1519, da kabarinsa a ƙaramar majami'ar da ke harabar fadar Amboise. Ku gani, ya cancanta. Amma akwai wani kusurwa a lambun fadar da yawancin masu yawon buɗe ido ke wucewa da sauri, ni kuwa shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Amir Abdulƙadir na Aljeriya ya yi shekara 15 yana yaƙar sojojin Faransa. Ya ajiye makamai a ƙarshen 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi gabas, ƙasashen Musulmi. Ba a cika alkawarin ba. Aka kawo shi Faransa da iyalansa da mabiyansa, aka tsare su a Toulon, sannan Pau, daga ƙarshe a wannan fada ta Amboise daga 1848 zuwa 1852. Mutanen da suka taso a rana da sarari aka kulle su cikin ginin dutse mai sanyi da danshi. Mutum 25 daga cikinsu, har da mata da ƙananan yara, suka rasu a nan, aka binne su a lambun. A 2005 wani mai fasaha ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara wurin da duwatsu masu rubutun Larabci don tunawa da su. A watan Oktoba na 1852 Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sanar da Amir an sake shi. Wannan mutumin ne kuma, a 1860 a Dimashƙa, ya tsaya da mutanensa ya kare dubban Kiristoci daga kisa. Kai da ka fito daga ƙasar da ita ma ta ɗanɗana mulkin Faransa, ba na jin za ka tsaya a wurin nan ka ji kamar baƙon tarihin ne kai. Ku yi musu addu'a kafin ku sauko.

Rana ta biyu a Amboise ku je Chenonceau, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, akwai ɗan hawa a hanya. Fada ce da aka gina a kan kogin Cher, ruwa na bi ta ƙarƙashinta. Diane de Poitiers, farkar wani sarkin Faransa, ta sa aka yi gada a kan kogin, matar sarkin kuma, Catherine de Médicis, ta ɗora dogon zaure mai mita 60 a kai. A yaƙin duniya na ɗaya zauren ya zama asibiti, aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. A na biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, sai mutane suka riƙa shiga ta ƙofa ɗaya suna sulalewa ta ɗaya. Ku isa da safe, kafin manyan motocin baƙi su cika wurin.

Daga nan sai Tours, sai Villandry mai lambunan kayan miya da aka tsara kamar zanen tabarma, sai Chinon, inda Jeanne d'Arc, budurwar da ta jagoranci sojojin Faransa a yaƙi da Ingila, ta gana da sarki Charles na Bakwai a 1429. Ranar ƙarshe ku ratse zuwa Fontevraud. Gidan ibada ne da aka kafa a 1101, daga baya ya zama kurkuku har zuwa 1963. A nan aka binne Richard, sarkin Ingila da ya gwabza da Salahuddin al-Ayyubi, tare da mahaifinsa Henry na Biyu da mahaifiyarsa Eleanor. Hanyar zuwa can akwai tudu, ba laifi ku sauka ku tura. Kusa da Saumur za ku ga gidaje da aka sassaƙa cikin farin dutse: ramukan da aka haƙo dutsen gina fadojin ne mutane suka mayar gidaje da wuraren noman naman kaza.

Batun abinci yana buƙatar shiri. Yankin inabi ne da barasa, kuma naman alade na shiga abubuwa da yawa. Ku kiyayi rillettes, wani dakakken nama da Tours ta shahara da shi, na alade ne. Ku riƙa tambaya ko an sa lardons, wato 'yan gutsattsarin naman alade, ko giya a miya. Akwai mahauta na halal da masallatai a manyan garuruwa irin su Blois da Tours, amma a ƙauye kada ku sa rai. Burodi, cukun akuya, ƙwai, kifin gwangwani da 'ya'yan itace za su riƙe ku. Shagunan ƙauye kan rufe da tsakar rana, da yawa kuma ba sa buɗewa Lahadi da yamma ko Litinin, saboda haka ku sayi guzuri da safe. Ruwan sha kuwa, masu keke sun san cewa yawancin maƙabartun ƙauye na da famfo kusa da ƙofa. In an rubuta eau non potable, wato ba ruwan sha ba ne, ku bar shi don alwala kawai.

Salla ba za ta ba ku wahala ba, bakin kogi fili ne mai tsabta da natsuwa, ga ku matafiya da rangwamen ƙasaru. Sai dai a Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, asuba kuma na zuwa da wuri, don haka ku saba da ɗan barcin rana a inuwa.

Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi. A Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, sai kun kama masauki tun da wuri. Ku nemi masu alamar Accueil Vélo, suna kusa da hanya kuma suna da wurin ajiye keke. Kafin ku bar shagon haya, ku gwada birki, ku daidaita sirdi, ku karɓi famfo, kayan faci da makulli, ku kuma tambaya ko za ku iya mayar da keken a Saumur maimakon komawa Blois. Wasu shagunan na yarda da haka a kan ƙarin kuɗi kaɗan.