Ƙari a ƙoda, dole sai an cire ta?

Tambaya: Likita, an yi wa yayata ekografi (hoton ciki) nan Maradi, wai akwai ƙari a ƙodarta amma ba kansa ba ne, to sai an cire ƙodar?

Amsa: Ƙanwata kwantar da hankalinki, ba dole ba ne. Sau da yawa anjiyomiyolipoma ne, kitse da tsoka da jijiyoyin jini suka cure, ya fi kama mata, hoton sikana ke nuna kitsen. In bai kai santimita 4 ba galibi sa ido ake ana sake hoto, in ya girma ana tsoron zubar jini sai a toshe jijiyar ko a yanke wurin kaɗai. Don Allah in ta ga jini a fitsari ko kwiɓi ya murɗa, kar ta tsaya jiƙe-jiƙe, ta tafi asibiti.