Ka Fara da Jitar da Ke Hannunka Kafin Maganar Biza

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana son zuwa Amurka karatun kiɗa, ka sayi jita amma kod (sautukan da ake bugawa tare lokaci guda) biyu ko uku ka iya, kana tambaya ko ka jira sai ka iso a koya maka daga tushe.

Kada ka jira. Manyan makarantun kiɗa na nan Amurka ba sa ɗaukar wanda bai fara ba. Berklee da ke Boston, wadda aka kafa a 1945, sai ta gwada ka tukuna: ka kaɗa abin da ka shirya, a ba ka rubutun kiɗa ka karanta, malami ya buga 'yan sautuka ka maimaita da kunne, a kuma sa maka kiɗa ka ƙirƙiri naka nan take. Duk waɗannan ana koyonsu a intanet, da yawa ma kyauta.

Don horar da hannu, ka shiga JustinGuitar. Justin Sandercoe ya buɗe shafin tun 2003, kuma darussansa a jere suke, kowanne na hawa kan na baya. Abin da ke kashe masu koyo shi ne tsalle daga wannan bidiyon YouTube zuwa wancan, yau wannan malami gobe wancan, shekara ta zagayo ba su iya waƙa guda daga farko zuwa ƙarshe ba. Ka riƙe malami ɗaya har ka gama. Akwai atisayensa da nake so ƙwarai: ka sa agogo minti ɗaya, ka riƙa sauyawa daga kod ɗin A zuwa na D, kana ƙirga sau nawa ka yi, ka rubuta a takarda. Kan yatsunka zai yi zafi a makonnin farko, daga baya ya yi kanta.

Ilimin ƙa'idojin kiɗa kuwa, musictheory.net da teoria.com sun ishe ka a yanzu. Ka fi ba atisayen kunne ƙarfi, inda ake buga maka sauti biyu ka faɗi tazarar da ke tsakaninsu.

Ƙirƙirar kiɗa nan take ita ta fi ba mutane tsoro, alhali ƙofarta a buɗe take. Ka koyi sikel (jerin sautuka) mai sauti biyar na A maino, wanda ke farawa a gaɓa ta biyar a wuyan jita. Ka nemo kiɗan rakiya na bulus (wani salon kiɗan Amurka) mai zango 12, wanda ke zagaye tsakanin A da D da E, ka bi shi da sauti uku kacal. Ka buga, ka yi shiru, ka saurara, ka amsa wa kanka, kamar mai zance. In wani makaɗi ya yi abin da ya burge ka, ka rage saurin bidiyon zuwa 0.5, ka lalubo sautukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da duba rubutu ba. Wahala ce, amma ita ke buɗe kunne, kuma kunnen nan shi za a gwada ranar jarrabawa.

Abin da waya ba za ta ba ka ba shi ne kiɗa tare da mutane, don haka ka nemi ko da mutum ɗaya ku riƙa bugawa tare. Ka kuma riƙa naɗar kanka duk mako. Nan da wata shida ka turo mini in saurara, sai mu duba makarantar da za ka nema.