Ɗana, ga abin da idona ya gani kan batun godiya

Salama ɗana. Na ga tambayarka tun jiya, wai tunda likitoci da injiniyoyi ne suka kawo allura da waya da sola me zai sa mu ce mun gode Allah, kuma ma wace wadata ake faɗi alhali mudun masara ya gagari mutane. Ban ga laifinka ba sam, nima tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai na yi lissafi kafin in hau mota zuwa sujada.

Amma bari in ba ka labarin kurkunu. A ƙauyenmu can ƙasar Filato ruwan kududdufi muke sha, da mu da shanu, to duk shekara sai kurkunu ya kwantar da mutane, ƙafa ta kumbura ta fashe tsutsa ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan har sati nawa, in ta tsinke kuwa ka shiga uku. Wata shekara ya kama babanmu ana tsakar noma, gonar ta zama ciyawa, ƙanzo da tafasa muka ci har kaka. Daga baya mutanen Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, suka zo da ƙyallen tace ruwa, Baba Gowon ma ya bi ƙauyuka kan maganar, aka yi ta haƙa burtsatse, a 2013 aka tabbatar babu kurkunu a Najeriya. Jikokina ko sunan ba su sani ba! Ranar da na gane haka zama na yi a bakin gado ina hawaye.

Eh mutane ne suka yi aikin, kuma ina gode musu. To wa ya ba su basirar, wa ya sa wa baƙo daga Amurka tausayin ƙauyen da ko hanyar mota babu? Musa ya riga ya gargaɗi Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a sura 8, cewa in sun ci sun ƙoshi sun gina gidaje masu kyau kada su ce ƙarfin hannunsu ne, Ubangiji ne ke ba da ikon samu. Kutare goma ɗin nan na Luka 17 ma duka Yesu ya warkar da su, ɗaya ne tak ya komo ya yi godiya. Yau kuturta tana da magani kyauta a asibiti, su nawa ne ke komowa?

Abin da ke damuna a ikilisiyoyinmu shi ne shaida ta koma ta mota da biza kawai, gwauruwar da ta haihu lafiya kafin mijinta ya rasu, ko wanda yaransa suka sha rigakafin shan inna, kunya suke ji su tashi, kamar nasu bai kai ba. Wannan ba daidai ba ne ɗana, kuma na faɗa a zumuntar mata.

Ni dai ranar godiyar kaka bana tiya biyu na gyaɗa na kai gaban bagade, sauran kuɗin na sa a gyaran famfon unguwarmu da ya lalace tun Ista, don na ga yara sun fara komawa rafi da jarka.