Ƙasar tukunyar fulawa: yadda nake haɗa tawa a gida

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce shukokinki na cikin ɗaki sai su yi rawaya su mutu, ƙasar ta daskare kamar bulo, ga ƙasar shuka da ake sayarwa a buhu ta yi tsada. Na sha wannan wahalar nan Kano kafin in gane ba yunwa ke kashe su ba. Ruwa ne ke kwanciya a tukunya, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Ƙasar tsakar gida zalla, balle jar nan mai laka, toshewa take in ta shiga tukunya.

Da bokitin fenti nake awo: 2 na baƙar ƙasar gindin bishiya, 1 na yashin rafi mai tsakuwa (ban da lallausan nan na filasta), 1 na taki, 1 na buntun shinkafa. Buntun nan shi ke buɗe ƙasar. Wajen masu injin casa ake samunsa, a Kura kuwa tsibi-tsibi za ki tarar da shi. Babbaka shi nake yi har ya yi baƙi, in yayyafa ruwa tun bai zama toka ba, don toka in ta yi yawa cutar da shuka take. In ba ki samu buntun ba, ki daka gawayi ko ɓawon gyaɗa sama-sama.

Taki kuma sai wanda ya ruɓe: kashin awaki ko na shanu da ya haura wata 3, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji kam, don Allah ki guje shi. Shi ya ƙone min na'ana'a tukunya 4 cikin mako guda, har yau abin na raina.

In na cakuɗa, nakan ɗan jiƙa, in ƙulle a baƙar leda, in bar shi a rana mako 2. Da bazara ya fi, zafin na rage ƙwari da irin ciyawa. Sai ki damƙa ki gani: ya dunƙule, kina taɓawa ya wargaje, to ya yi. Alobera ce kawai nake ninka wa yashi.

Ki tabbata gindin tukunyar na da huda, ki ɗora tsingaro a kai. Kada ki ba da ruwa sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe.