Maigidana ya ce adashe rashin bangaskiya ne

Mama, barka da aiki. Ni matar aure ce a Kafanchan, ina sayar da kayan miya, 'ya'yanmu uku. Na shiga adashe da matan zumunta don in tara wa babbar 'yarmu kuɗin makarantar koyon jinya. Maigidana ya ce in fita, wai tanadi rashin bangaskiya ne, tunda Yesu ya ce kada mu damu da gobe. Shi kuwa abin da ya samu a kakar citta ba ya kai mu damina. Ba na son yi masa gardama, ga shi maganarsa ta fara shiga zuciyata. Zunubi nake yi?

Uwar 'ya'ya uku

'Yata, ba zunubi kike yi ba. Abin da Matiyu 6:34 ta hana shi ne damuwa, fargabar nan da ke hana mutum barci kamar ba shi da Uba a sama. Ba ta hana shiri ba. Yesun nan ne ya ce a Luka 14:28 wanda zai yi gini ya fara zama ya lissafta ko kuɗinsa za su kai. Ki duba Farawa 41 kuma. Allah ya sanar da Yusufu yunwa na tafe, Yusufu bai naɗe hannu ba. Ya ba da shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar a shekaru 7 na ƙoshi, hatsin nan ne ya ceci mahaifinsa da 'yan'uwansa.

Amma kada ki watsar da maganar mijinki gaba ɗaya. Yaƙub 4:13-15 ta tsawata wa 'yan kasuwar da ke yanke wa kansu ribar shekara, ta ce su riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Ku mutanen kudancin Kaduna kun ga wannan da idonku a 2023, da cuta ta cinye gonakin citta, manoman da suka gama lissafin riba suka tashi hannu wofi. Wataƙila ma ciwon wannan shekarar ne ke magana a bakinsa. Ki yi zubinki, zuciyarki na dogara ga Allah, ba ga ranar kwasa ba.

Abin da ba na so shi ne ki yi a ɓoye. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki nuna masa takardar kuɗin makarantar, ku karanta ayoyin nan tare, ki roƙe shi ya yi addu'a a kan kuɗin a matsayinsa na maigida. In ya ƙi, ki nemi ya yarda ku je wurin fasto da matarsa ku biyu.